wpa_supplicant, iwd ko NetworkManager: wanne zaka damƙa wa waifai ɗin Linux ɗinka?

Abin da yasa nake wannan rubutun wani abu ne da ya faru a shagon wani abokina, irin shagunan nan na buga takardu da rajistar jarrabawa da cike fom a intanet. Kwamfuta huɗu gareshi duk na hannu, Windows ya musu nauyi sai na ɗora masa Debian, wani nau'in Linux, a kai, na haɗa su da rautar shagon, faswod ɗin ma ni na zaɓa mai tsawo, daga ni sai shi muka sani. Ba'a yi sati biyu ba ya kirani wai data tana ƙarewa kamar ana kwasa da bokiti. Da na buɗe shafin rautar sai ga wayoyi jere, ta mai shayi, ta masu shagon gefe, har da waɗanda bamu san ko na waye ba. Kuma fa ba wani gwanin kutse ne ya zo ba. Yaron shagon ne ya shiga saitin waifai ya danna ɗan akwatin nan na nuna faswod, ya ganshi ƙuru-ƙuru, ya bawa abokinsa ɗaya shi kuma ya bawa nasa. Kwamfutar bata tambaye shi komai ba, saboda akawun ɗin da na buɗe lokacin ɗora Debian shi kowa yake shiga da shi, ita kuma Debian tana saka wannan akawun na farko cikin wani rukuni mai suna netdev, wanda ɗan cikinsa an yarje masa ya taɓa saitin netwok ba sai ya saka faswod ɗin admin ba.

Tun daga ranar idan aka tambayeni wanne yafi tsaro cikin manhajojin nan uku, abu biyu nake fara dubawa, ina faswod yake kwana a cikin na'urar, sannan waye yake da ikon bawa manhajar umarni. Sauran duk daga baya suke zuwa.

Bari in fara raba su dan mutane suna cakuɗa su sosai. Katin waifai da yake cikin laftof ɗinka aikinsa kama sigina da turawa kawai. Gaisuwar nan ta saƙo huɗu da ake yi tsakanin kwamfuta da rauta, inda kowanne yake tabbatar wa ɗaya cewa ya san faswod ba tare da ya furta shi a iska ba, sannan su fitar da makullin da zasu rufe hirarsu da shi, wannan wata manhaja ce take yinta a bayan fage. A Linux biyu ne suke wannan aikin. Tsohon hannu shine wpa_supplicant, wani ɗan ƙasar Finland Jouni Malinen ne ya rubuta shi tun wajen 2003, kuma in kana riƙe da wayar Android to shine a cikinta yanzu haka. Na biyun iwd, kamfanin Intel ne ya fito da shi, sigar 1.0 ta fita a 2019, an yi shi ne dan ya zama ƙarami mara nauyi. Shi kuwa NetworkManager ba ya yin gaisuwar da kansa sam, shi kamar shugaban leburori ne, Red Hat suka fara shi a 2004, yana zaune a sama yana bawa ɗaya daga cikin biyun can umarni, kuma in baka canza komai ba wpa_supplicant yake aika. Kaga kenan duk mai Ubuntu ko Fedora ko Mint da yake danna alamar waifai a kusurwar sikirin, wpa_supplicant yake amfani da shi ko bai taɓa jin sunan ba. Zaɓin da yake gabanka a zahiri uku ne, ka riƙe wpa_supplicant da hannunka, ko ka riƙe iwd da hannunka, ko ka bar NetworkManager ya riƙe maka ɗaya daga ciki.

To ina faswod yake kwana? A wpa_supplicant fayil ɗaya ne, yawanci /etc/wpa_supplicant/wpa_supplicant.conf, kai kake rubuta shi da hannunka kuma kai kake da alhakin kulle shi. Nan ne mutane da yawa suke faɗawa rami. Akwai wani ɗan umarni wpa_passphrase da yake karɓar sunan waifai da faswod ya cakuɗa su sau 4096 ya fito maka da dogon layi mai harafi 64, sai mutum ya kwafa ya zuba a fayil hankalinsa kwance wai ya ɓoye faswod. Amma in ka duba da kyau a saman wannan dogon layin akwai wani layi da ya fara da #psk= kuma faswod ɗinka ne a rubuce tsirara, manhajar bata karanta shi amma mutum yana karantawa, dan Allah ka goge shi. Sannan shi kansa dogon layin duk wanda ya kwafe shi zai iya shiga waifai ɗin da shi kai tsaye, amfaninsa kawai shine baya nuna ainihin kalmomin da ka zaɓa, wanda yana da kyau in kana cikin masu maimaita faswod ɗaya a wurare da yawa. Abin da yake tsare fayil ɗin da gaske shine chmod 600, umarnin da yake sa mai fayil kaɗai ya iya karanta shi, da kuma ya zama mallakin root, wato babban akawun mai cikakken iko a na'urar. Na sha buɗe na'urar mutane in tarar fayil ɗin kowa na iya karantawa, domin shi wpa_supplicant ba zai maka ƙorafi ba, zai cigaba da aiki abinsa.

iwd ya rage maka wannan wahalar. Duk waifai ɗin da ka haɗa yana buɗe masa fayil nasa a /var/lib/iwd, mai faswod ya ƙare da .psk, wanda yake a buɗe .open, na makaranta ko kamfani .8021x, kuma foldar gaba ɗaya root kaɗai ke iya leƙawa tun daga farko ba sai ka tuna ba. Faswod ɗin dai a rubuce yake a ciki, kar ka ɗauka an ɓoye shi. NetworkManager shima haka, yana ajiye nasa a /etc/NetworkManager/system-connections, kuma yana da wata ɗabi'a da nake so sosai, in ya tarar da fayil ɗin da wani banda root zai iya karantawa to ƙin amfani da shi yake yi gaba ɗaya har sai ka gyara. Sannan shi kaɗai ne cikin ukun ya baka zaɓi mai sauƙi na inda faswod zai zauna, ta saitin psk-flags, 0 yana nufin a ajiye a fayil ɗin na'ura dan kowa, 1 a ajiye cikin jakar makullan mai akawun wadda sai ya shiga da faswod ɗinsa take buɗewa, 2 kuma kar a ajiye ko'ina a dinga tambaya duk lokacin haɗi. Ga mai yawo da laftof wannan ba ƙaramin abu bane, saboda duk kullewar nan ta root tana aiki ne lokacin da Linux ɗinka yake kunne, wanda ya sace laftof ɗin ya tashe ta da filash zai karanta fayilolin ukun nan duka kamar jarida, sai dai in ka rufe faifan gaba ɗaya da LUKS lokacin ɗorawa.

Wani ƙaramin abu kafin in wuce, kar ka rubuta faswod a kan layin umarni. Duk abin da ka buga a taminal yana zama cikin history, kuma lokacin da umarnin yake gudana wani mai akawun a na'urar zai iya hango shi da ps. Ka bawa wpa_passphrase sunan waifai kawai zai jira ka buga sauran, a nmcli ka ƙara --ask, a iwctl kuwa ka shiga cikinsa tukuna kace station wlan0 connect da sunan waifai ɗin, shi zai tambayeka.

Yanzu ga inda maganar take da nama, wato waye yake da ikon bada umarni.

wpa_supplicant yana da wata ƙofa da ake masa magana ta ciki yana tsaka da aiki, ita wpa_cli yake bi. Kusan duk wanda ya taɓa saita Raspberry Pi, ƙaramar kwamfutar nan kamar tafin hannu, ya kwafi layukan nan biyu ba tare da ya tsaya ya karanta ba, ctrl_interface=DIR=/var/run/wpa_supplicant GROUP=netdev sannan update_config=1. Na farkon yana cewa a buɗe ƙofar kuma a bawa duk ɗan rukunin netdev makulli. Na biyun yana cewa duk abin da aka canza ta ƙofar ana iya rubuta shi cikin fayil ɗin dindindin, kuma in aka yi hakan ma duk bayanan da ka rubuta wa kanka a fayil ɗin da alamar # gogewa suke. Gaskiya ne in ka tambayi faswod ta wpa_cli tauraro kawai zai nuna maka, amma wanda yake da makullin ƙofar zai iya cire ka daga waifai ɗinka, ya ƙara wani nasa ya bashi priority mafi girma, yayi save_config, daga nan na'urar duk lokacin da ta tashi hotsfot ɗinsa zata nema kuma duk abin da take turawa ta hannunsa zai bi. Abin bai tsaya nan ba, a 2024 an samu wata ɓaraka a wpa_supplicant na Ubuntu, lambarta CVE-2024-5290, inda ɗan rukunin netdev zai iya sa manhajar ta loda wani fayil nasa, ita kuma da ikon root take gudana, kaga kenan ya zama mai gida. An toshe ta, amma ta nuna cewa saka mutum a netdev kusan bashi rabin gidan ne. Alherin wpa_supplicant anan shine ƙofar a hannunka take ɗari bisa ɗari. In na'urar waifai ɗaya zata riƙa hawa har abada, cire GROUP ɗin ya zama root kaɗai, ko ka goge layin ctrl_interface ɗin gaba ɗaya, ka bar update_config a 0, shikenan wannan ƙofar ta tafi balle a nemi makullinta.

iwd bashi da irin wannan ƙofar, duk maganarsa ta D-Bus take bi, wato hanyar da manhajojin Linux suke aika wa juna saƙo, kuma wanda aka yarje wa yana rubuce a wani fayil iwd-dbus.conf, yawanci root da 'yan rukunin wheel ko netdev, ya danganta da irin Linux ɗin. Wato dai nan ma rukuni ne, kuma ko dai kana ciki kana iya komai ko kana waje baka iya komai, babu tsaka-tsaki. Inda ya burgeni shine yadda aka ɗaure shi kansa, fayil ɗin systemd (mai tada manhajojin bayan fage) da yake zuwa da shi ya rage masa iko zuwa abin da ya shafi netwok kawai, baya iya leƙa foldar gidan mutane baya iya rubutu a sassan na'ura, dan haka ko an samu kafa a cikinsa ɓarnar da za'a yi ta ragu. Kuma baya jingina da manhajar sirri ta OpenSSL, lissafin sirrinsa kanel ɗin Linux, wato zuciyar tsarin, yake bawa.

NetworkManager kuwa polkit ne mai gadinsa, wato tsarin da yake yanke waye zai iya me a Linux, kuma anan ne ya fi su duka nesa ba kusa ba in na'urar mutane da yawa ke taɓa ta. Domin shi ya rarraba ikon gida-gida, kunna waifai da kashewa daban, ƙara haɗin kanka daban, taɓa haɗin na'ura gaba ɗaya da ganin faswod ɗinsa daban, buɗe hotsfot daban. Ka shiga akawun ɗin da kake shakka ka buga nmcli general permissions, zai jero maka su, inda aka rubuta yes yana iyawa kai tsaye, inda aka rubuta auth sai ya saka faswod ɗin admin. Layin da ya cinye mana data a shagon can shine settings.modify.system, yes ne a gabansa. Wlh da na buga wannan umarnin ranar farko da duk abin bai faru ba, daƙiƙa biyar ne kawai. Kuma kana iya rubuta dokarka a /etc/polkit-1/rules.d kace wane zai iya kaza ba zai iya kaza ba, abin da sauran biyun basu da shi. Amma ka lura, sauƙin nasa shine kuma haɗarinsa, domin wanda aka yarje wa ba sai ya san komai ba, nmcli device wifi show-password kaɗai zai fito masa da faswod har da hoton QR da za'a ɗauka da waya.

Sai maganar WPA3, sabon tsarin kulle waifai da ya biyo bayan WPA2. Matsalar WPA2 mai faswod, wanda yake tare damu tun 2004, itace wanda yake kusa zai iya naɗar gaisuwar nan ya tafi gida ya saka kwamfuta tayi ta gwada kalmomi har ta dace, kuma a 2018 Jens Steube mai hashcat, manhajar fasa faswod, ya nuna cewa a wasu rautoci ko jiran wani ya haɗa ba sai anyi ba. In faswod ɗinka lambar wayarka ce ko sunan shago da shekara to ba zai daɗe ba. WPA3 da ya fito a 2018 ya kawo wata gaisuwa SAE wadda ta hana wannan gwajin na gida, dole mai gwadawa ya zo gaban rautar ya gwada ɗaya bayan ɗaya. Dukkan ukun suna iya WPA3, bambancin a wahala ne. iwd shi yake zaɓa da kansa in rauta da katin sun iya, baka rubuta komai. A wpa_supplicant sai ka saka key_mgmt=SAE da ieee80211w=2 da hannu, kuma dogon layin nan mai harafi 64 baya aiki da SAE, dole ainihin faswod ɗin ya zauna a fayil, kaga chmod 600 ya ƙara zama wajibi. A NetworkManager wifi-sec.key-mgmt sae ne tare da wifi-sec.pmf required. Amma anan rubutun hannu yana da wata riba da ba'a cika faɗa ba. Rautoci da yawa suna tafiya da WPA2 da WPA3 a haɗe saboda tsofaffin wayoyi, kuma Mathy Vanhoef da Eyal Ronen sun nuna a 2019 cikin binciken Dragonblood cewa ana iya yaudarar na'ura ta sauko WPA2 a irin wannan yanayin. In ka rubuta SAE kaɗai a saitin to na'urarka bata da inda zata sauko. Shi kuma ieee80211w ɗin nan shine yake hana wani ya dinga tsinke maka haɗi daga nesa da saƙon ƙarya. Yawancin MiFi da rautocin da kamfanonin waya suke sayarwa na da can WPA2 kawai suka sani, in irinsu gareka to dogon faswod shine garkuwarka, ana yarda har harafi 63, ka haɗa kalmomi biyar ko shida da basu da alaƙa da juna, ka kuma kashe WPS, wato haɗawa da lamba ko maɓalli maimakon faswod, a rautar domin tun 2011 Stefan Viehböck ya nuna lambarsa mai 8 ana fasa ta da gwaji kusan 11,000 kacal.

Ɗalibai da ma'aikata ku matso nan, waifai ɗin da ake shiga da suna da faswod na kowa daban irin eduroam na jami'o'i shine inda kuskure yafi tsada, saboda sau da yawa faswod ɗin shine na imel ɗinka da fotal ɗin makaranta. Abin da yake faruwa shine kafin ka miƙa faswod, sabar makarantar tana nuna satifiket, kuma aikin na'urarka ne ta duba ko na gaske ne. In baka gaya mata wanda zata yarda da shi ba to duk wanda ya kunna waifai na bogi mai suna iri ɗaya a bakin laburare zata miƙa masa, kuma MSCHAPv2, hanyar tantance faswod da yawancinsu suke amfani da ita a ciki, tun 2012 Moxie Marlinspike da David Hulton suka nuna ana fasa shi. Shi yasa Google ta cire zaɓin nan na kar a duba satifiket daga Android 11. A Linux har yau zaɓin yana nan, kuma dukkan ukun zasu barka ka haɗa ba satifiket, NetworkManager dai yakan sa ka danna wani akwati da hannunka tukuna, shi kuma akwatin kowa dannawa yake dan ya huta. Dan Allah kar ka danna. Abu biyu ake buƙata tare, satifiket ɗin da kuma sunan sabar. A wpa_supplicant ca_cert da domain_suffix_match, a iwd EAP-PEAP-CACert da EAP-PEAP-ServerDomainMask, a NetworkManager 802-1x.ca-cert da 802-1x.domain-suffix-match. In makarantarku tana cikin eduroam CAT, shafin da yake bada saitin eduroam a shirye, ka sauke ɗan fayil ɗinsu ya saita maka, yafi sauƙi. A wannan fannin ni wpa_supplicant nake bawa gaba ko shi kaɗai ko a ƙarƙashin NetworkManager, ya fi sanin hanyoyin EAP kala-kala, wato hanyoyin tantancewa a irin wannan waifai kamar PEAP da TTLS da TLS, kuma ma'aikatan ICT na makarantu shi suka saba gwadawa. iwd yana iya PEAP da TTLS da TLS amma fayil ɗin .8021x da hannu zaka rubuta, iwctl ba zai haɗa maka shi ba.

Masu cewa iwd sabo ne dan haka yafi tsaro, da masu cewa wpa_supplicant ya daɗe dan haka an gama tace shi, kowa yana da rabin gaskiya. A 2017 da Vanhoef na jami'ar KU Leuven a Beljiyam ya fito da KRACK, wani hari a kan gaisuwar nan ta saƙo huɗu, kusan duk na'urar WPA2 abin ya taɓa, amma wpa_supplicant daga siga 2.4 yafi kowa shan wahala domin ana iya sa shi ya koma amfani da makullin da duk sifili ne, abin ya shafi Android 6 zuwa sama. A Fabrairun 2024 kuma shi Vanhoef ɗin tare da Héloïse Gollier suka fito da ɓaraka biyu rana ɗaya, kowanne ya samu tasa. Ta wpa_supplicant 2.10 zuwa ƙasa, CVE-2023-52160, ta shafi masu PEAP da basu saka satifiket ba, wato dai maganar da na gama yi yanzu. Ta iwd, CVE-2023-52161, tana faruwa ne in ka maida shi hotsfot, baƙo zai iya tsallake tsakiyar gaisuwar ya shigo ba faswod. Duka an gyara, wpa_supplicant 2.11 ta fita a Yulin 2024 da gyaran kuma manyan Linux sun tura nasu tun kafin nan. Abin da na ɗauka anan shine na'urar da aka saita aka manta a saman silin shekara uku ba sabuntawa, ko wanne ka ɗora mata tana cikin haɗari.

Akwai kuma abin da zai iya yanke maka hukunci tun kafin ka fara tunani, katin da yake cikin na'urar. iwd sabuwar hanyar magana da katin ta kanel, nl80211, kawai ya sani, wpa_supplicant kuwa har tsohuwar wext yana ji. Laftof ɗin hannu irin wanda muke saya a Beirut Road a Kano, in katin Intel ne a ciki iwd zai tafi lafiya lau kuma zaka ga saurin haɗawa bayan ka buɗe murfi, amma wasu katunan Broadcom da ƙananan na USB masu direban da ake ɗorawa daga waje sukan bashi matsala. Baya kuma yin WEP, tsohon tsarin kulle waifai, ko kaɗan, wannan kam alheri ne, WEP tun 2001 aka fasa shi. Ta wani ɓangaren iwd yana iya karɓo adireshin IP da kansa in ka saka EnableNetworkConfiguration=true a /etc/iwd/main.conf, shi kuwa wpa_supplicant sai ka haɗa shi da dhcpcd ko systemd-networkd, wato ƙarin abu ɗaya da zaka kula da shi. Masu Arch sun san iwctl domin da shi ake hawa waifai a filash ɗin ɗorawa tun 2020. Masu Raspberry Pi kuma ku sani tun Bookworm a Oktoban 2023 an koma NetworkManager, tsohuwar dabarar nan ta jefa wpa_supplicant.conf cikin katin memori ta daina aiki.

Ɓoye lambar MAC, wato lambar shaidar katin waifai ɗinka, duk suna yi, mac_addr=1 a wpa_supplicant, AddressRandomization=network a iwd, cloned-mac-address a NetworkManager wanda ma yake baka damar kowane waifai da tsarinsa, a otal ko filin jirgi ka saka random a gida ka saka stable. Ɓoye sunan waifai a rauta kuwa ban bada shawara ba, laftof ɗinka ce zata koma tana kiran sunan duk inda kaje. Waifai ɗin da yake a buɗe da ka taɓa hawa sau ɗaya ka goge shi ko ka kashe masa haɗi da kansa.

Za'a iya ɗora NetworkManager a kan iwd, ka buɗe fayil a /etc/NetworkManager/conf.d ka rubuta [device] sai wifi.backend=iwd a ƙasa, ka kashe wpa_supplicant. Na gwada a laftof ɗina kuma yana aiki, sai dai ka sani NetworkManager yana kwafa saitin waifai ɗinka zuwa foldar iwd, kenan faswod ya samu ɗaki biyu, kuma ƙofar D-Bus ta iwd tana nan a buɗe ga 'yan rukuninta ko da ka ɗaure polkit tamau. Kuma ko wanne ka zaɓa kar ka bar biyu suna rigima kan kati ɗaya, wasu masu kukan waifai yana yankewa duk minti biyu wannan ne ciwonsu, systemctl status zai nuna maka waye a kunne.

To ni ga yadda nake yi yanzu. Laftof ɗin mutum ɗaya mai yawo tsakanin gida da ofis da makaranta, NetworkManager da wpa_supplicant yadda suka zo, in rufe faifai da LUKS, faswod ɗin wurin aiki in saka shi psk-flags 1. Ƙaramar na'ura mara sikirin da zata zauna wuri ɗaya, irin ta kyamara ko ta lura da sola, in katin ya yarda iwd nake saka mata shi kaɗai in cire kowa daga rukunin, in bai yarda ba wpa_supplicant ba tare da ctrl_interface ba. Kwamfutar da hannu da yawa ke taɓawa kuwa, shago ko ɗakin kwamfutar makaranta ko ta falo da yara ke hawa, NetworkManager ne ba tantama saboda polkit.

A shagon abokin nawa abin da muka yi ranar bai kai awa ɗaya ba. Mun canza faswod ɗin rauta, muka kashe WPS, na buɗe sabon akawun na aiki wanda baya cikin sudo (rukunin admin) baya cikin netdev, na tabbatar da umarnin id, tsohon akawun ya zama na mai shago shi kaɗai da sabon faswod. Na shiga sabon na buga nmcli general permissions naga auth a gaban settings.modify.system, na kira yaron nace ya gwada abin da yayi rannan, akwatin neman faswod ɗin admin ya fito masa. Biyu daga cikin kwamfutocin da suke jikin bango kusa da rautar ma waya muka ja musu muka goge waifai ɗin daga cikinsu gaba ɗaya. Kwastomomi da maƙwabta kuma aka kunna musu waifai ɗin baƙi na rautar da faswod daban, mai shagon yana canza shi duk ranar Asabar.